Kitsen hanta ga mai ciwon suga: kafson furobayotik, rage ƙiba, ko sauya magani?

Yawanci ba hanta aka je dubawa ba. Mai ciwon suga ya kwanta a yi masa hoton ciki saboda ƙoda, ko saboda wani nauyi-nauyi da yake ji a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, sai takarda ta fito da layi guda a ƙasa: hanta ta tara kitse. Likita ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, sai an rage tumbin nan," ya kira na gaba. Kafin mako ya zagayo, wani a majalisa ko a zauren WhatsApp na dangi ya turo hoton wata kwalba mai kyan kwali. Wai ƙwayoyin halitta ne masu rai a ciki, su gyara hanji, hanji ya gyara hanta, ba sai mutum ya rabu da tuwonsa ba. Furobayotik ke nan. Ga kuɗi ba yawa, maganin suga ya riga ya ci nasa kason na wata. To wanne za a sa a gaba?

Ba za a iya gwama su ba sai an san abin da ake so magani ya yi, domin kitsen hanta hawa-hawa ne. Hawan farko kitse ne kawai: idan ya wuce kashi 5 cikin 100 na hanta, an shiga layi. Mutane da yawa a nan suke tsayawa har ƙarshen rayuwarsu. Hawa na biyu, kitsen ya fara ƙona naman hanta, kumburi ya shigo. Na uku shi ne tabo. Duk inda hanta ta ji rauni takan ɗinke da wani zare mai tauri, kuma likitoci suna auna shi daga 0 zuwa 4. A mataki na 4 hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, daga nan ne ake ganin ruwa a ciki, aman jini, ko kansar hanta. Abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne yawan tabon ne ke faɗin wanda hantarsa za ta ba shi matsala nan gaba, ba yawan kitsen ba. Kuma mai ciwon suga nau'i na 2 yana cikin waɗanda suka fi saurin hawa wannan tsani. Kusan kashi 30 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna da kitsen hanta, amma a cikin masu ciwon suga nau'i na 2 sun haura rabi. Wannan alaƙa ce ma ta sa a 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya wa cutar suna daga NAFLD zuwa MASLD, don a daina kallonta a matsayin cutar "wanda ba ya shan giya", a kalle ta a matsayin 'yar uwar suga, ƙiba da hawan jini.

Ma'aunin namu ke nan. Duk abin da aka kawo, a tambaye shi: lambobin takardar gwajin jini kawai yake saukarwa, ko kitsen yake ragewa, ko ya kai ga kumburi da tabo?

Ba a banza masana suka ɗauki maganar furobayotik da muhimmanci ba. Wajen kashi 3 cikin 4 na jinin da ke shiga hanta daga hanji yake tasowa, ta wata babbar jijiya. Duk abin da ya tsallake bangon hanji, hanta ce ƙofar farko da zai ƙwanƙwasa. Idan ƙwayoyin cikin hanji suka rikice, bangon kuma ya fara yoyo, guntayen jikin bakteriya sukan bi jini su tayar da kumburi a hanta. Akwai ma wani abin mamaki da masana a Sin suka wallafa a 2019: sun gano wani irin bakteriya mai suna Klebsiella pneumoniae wanda ke sarrafa sukari ya mai da shi barasa a cikin hanji, kuma sun same shi a kusan kashi 60 cikin 100 na masu kitsen hanta da suka duba. Wato bawan Allah bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma ana dafa ta a cikinsa. Wanda ya ji wannan dole ya ce, to a zuba ƙwayoyin kirki su kori na banza mana. Tunanin yana da ma'ana. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai.

Gwajin da masu tallar furobayotik ga masu ciwon suga suka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Kiev ta ƙasar Yukiren, aka wallafa a 2018. Mutum 58 ne, dukansu masu ciwon suga nau'i na 2 da kitsen hanta. Aka ba wani rukuni haɗin ƙwayoyi iri 14, aka ba ɗayan holoƙo marar magani, tsawon mako 8. Waɗanda suka sha na gaske, AST da GGT ɗinsu, wato lambobin gwajin jini da ke hawa idan hanta ta ji jiki, sun sauka, wasu alamomin kumburi a jini sun ragu, haka ma wani lissafi da ake kira ma'aunin kitsen hanta. A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Wannan ma'auni ba leƙa hanta ake yi ba. Lissafi ne da ake haɗawa daga nauyin jiki, faɗin ƙugu, wani nau'in kitsen jini, da GGT ɗin kansa. Idan GGT ya sauka, dole lissafin ya bi shi. Da suka auna taurin hantar da na'ura, wanda shi ne ya fi kusa da maganar tabo, bambancin bai taka kara ya karya ba. Irin wannan sakamako ne ake ta samu a ƙananan gwaje-gwaje da dama, musamman daga Iran. Ɗaya daga cikinsu, na 2014, ya ba mutane giram 300 na yogot mai furobayotik kullum na mako 8, ALT, wata lambar gwajin hanta irin waɗancan, da AST suka sauka. Mutane kaɗan, makonni kaɗan, lambobin jini sun yi kyau, ba a gutsuro naman hanta an duba ba.

Sai aka zo aka yi wanda ya fi tsawo. A Southampton ta Ingila, mutum 104 masu kitsen hanta suka shiga gwajin da aka wallafa a 2020. An ba su Bifidobacterium haɗe da abincin da ƙwayar ke ci don ta zauna da gindinta, na wata 10 zuwa 14, kuma aka auna kitsen kai tsaye da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI. Ƙwayoyin sun yi aikinsu na farko: da aka duba bayan gidan mutanen, an ga hanjin ya sauya. Amma kitsen hanta bai ragu fiye da na masu shan holoƙo ba, alamomin tabo ma haka. Waɗanda kitsensu ya ragu a gwajin, abin da ya haɗa su shi ne sun rage nauyi. A ganina wannan gwaji guda ya fi tarin ƙananan can nauyi a sikeli, kuma shi ya sa jagororin ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka na 2023 da na Turai na 2024 ba su sa furobayotik cikin magungunan wannan cuta ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi damun mu nan fiye da mutanen Southampton. Abin da ke cikin kafson nan rai ne da shi, kuma amfaninsa, idan akwai, ya dogara ne ga ya isa hanji da ransa da kuma yawansa. Wasu ire-iren sai a firiji. Ka tuna kwalbar da ta kwana a tashar jirgin ruwa, ta hau tirela zuwa Kano, ta zauna a kantar kemis a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Ba ka da hanyar sanin nawa suka rage da rai. Bayan haka, furobayotik ba abu guda ba ne. Kalmar kamar a ce "hatsi" ce, alhali gero daban, dawa daban, maiwa daban. Haɗin da aka gwada a Kiev ba shi ne ke cikin kwalbar da aka turo maka ba. A yawancin ƙasashe kuma ana sayar da su ne a matsayin ƙarin abinci, ba a neman hujjar warkarwa kafin su shiga kasuwa kamar yadda ake nema ga magani. Lambar NAFDAC a jikin kwali tana da amfani, amma ba shaidar cewa abin yana cire kitsen hanta ba ce.

Illarsu ga yawancin mutane ba ta wuce kumburin ciki da tusa na 'yan kwanaki ba. Amma "ba ya cutarwa" ba ga kowa ba ne. A Holan, a gwajin da aka wallafa a 2008 kan masu matsanancin kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin a ciki, kashi 16 cikin 100 na waɗanda aka ba furobayotik sun rasu, a ɗaya rukunin kashi 6. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, ko yake kwance rai a hannun Allah, kada a ba shi sai da sanin likita.

Yanzu a ɗora rage ƙiba a kan ma'aunin nan guda. A Habana ta ƙasar Kuba an bi mutum 293 na tsawon shekara, aka gutsuro naman hantarsu a farko da ƙarshe, aka wallafa a 2015. Cikin waɗanda suka zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, kumburin ya tafi a kashi 90 cikin 100, tabon kuma ya ja baya a kashi 45. Ba lambar jini ba, naman hanta ne a ƙarƙashin madubin likita. A Birtaniya kuma, a gwajin DiRECT kan masu ciwon suga nau'i na 2 da aka sa su rage abinci sosai ƙarƙashin kulawa, kitsen hantar waɗanda aka auna ya faɗo daga kashi 16 zuwa kashi 3, kuma kashi 46 cikin 100 sun cika shekara sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Babu wata kwalbar furobayotik da ta taɓa kusantar wannan.

Dokar da likitoci ke bi ita ce: kashi 3 zuwa 5 na nauyi yana rage kitse, kashi 7 zuwa 10 yana taɓa kumburi, daga 10 zuwa sama ne ake sa ran tabo ya motsa. Mai kilo 90 yana magana ne a kan kilo 6 zuwa 9. A faɗa da baki ba wuya. A gwajin Kuba ɗin kansa, mutum 1 cikin 10 ne kawai ya kai kashi 10 ɗin, kuma wannan ne raunin hanyar. Wanda ya ce da sauƙi bai gwada ƙin malmala ta biyu a gaban uwargida ba, ko ƙin lemon kwalba a wurin ɗaurin aure. Amma ba sai an fara da yunwa ba. Wurin da ya fi sauƙin kamawa shi ne abin sha, domin rabin sukarin da muke zubawa a shayi wani nau'i ne da hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, kuma idan ya yi yawa kitse take mai da shi. Lemon kwalba, zoɓo da kunun zaƙi da aka cika wa sukari, shayi mai kauri da safe da daddare, har da zuma da ake ɗauka ba ta cikin lissafi, duk hanya ɗaya suke bi. Bayan su sai girman tuwo da shinkafa da burodi, a ƙara wake, zogale, rama, kuɓewa da kifi. Tafiyar sauri ta minti 150 a mako tana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa sosai ba. Gargaɗi guda mai muhimmanci: mai shan ƙwayar suga ta glibenclamide ko mai yin allurar insulin, idan ya rage abinci ba a rage masa magani ba, suga zai iya faɗuwa ya sume. A gaya wa likita kafin a fara.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta keɓanta ga mai ciwon suga. Tunda dama kana sayen magani duk wata, ana iya zaɓar wanda zai yi wa suga aiki ya kuma taɓa hanta. Metformin, sanannen maganin suga, ba ya gyara kumburi ko tabon hanta, amma ba ya cutar da ita, kuma ba dalilin barinsa ba ne don an ga kitse. Pioglitazone tsohon magani ne, ƙwaya ce, ana samunsa, kuma ba ya cikin masu tsada. A gwajin da aka yi a Texas ta Amurka kan mutum 101 masu ciwon suga ko waɗanda ke bakin kamuwa, wanda ya fito a 2016, kumburin hanta ya tafi a kashi 51 cikin 100 bayan wata 18, a masu holoƙo kashi 19. Farashinsa a jiki yake: yana ƙara nauyi, wajen kilo biyu da rabi a wancan gwaji, yana tara ruwa a ƙafa, bai dace da mai ciwon gazawar zuciya ba ko mai tarihin kansar mafitsara, kuma yana ƙara haɗarin karaya, musamman ga matan da suka daina al'ada. Abin dariya ne a ce maganin kitse yana sa ƙiba, amma abin da yake yi shi ne kwashe kitse daga hanta zuwa ƙarƙashin fata, inda ya fi zama lafiya.

Semaglutide, wanda aka fi sani da Ozempic ko Wegovy, shi ne mai hujja mafi ƙarfi a yau. A babban gwajin da aka wallafa a 2025, cikin mutum 800 da fiye da rabinsu masu ciwon suga ne, allura sau ɗaya a mako na mako 72 ta kawar da kumburi a kusan kashi 63 cikin 100, holoƙo kashi 34. Tabo ya ja baya a kusan kashi 37, holoƙo kashi 22. A watan Agustan 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta. Yana saukar da suga, yana rage nauyi, yana kare zuciya. Matsalarsa aljihu. Tsada gare shi ƙwarai, yana son firiji, yana sa tashin zuciya a makonnin farko, kuma idan aka daina nauyi yakan dawo. Ga jabu: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan na bogi da aka kama a Birazil, Birtaniya da Amurka. Idan an yi jabunsa a can, wanda aka tallata maka a Instagram da rabin kuɗi abin tsoro ne.

Empagliflozin da danginsa, masu fitar da suga ta fitsari, suna tsakiya. A wani gwaji na mutum 50 a Indiya a 2018, kitsen hanta ya sauka daga kashi 16 zuwa 11 cikin mako 20. Hujjarsu a kan tabo ba ta kai ta biyun can ba, amma ga mai matsalar ƙoda ko zuciya su ne likita zai fi karkata gare su. Suna jawo ƙaiƙayin gaba, kuma a zafinmu, ballantana da azumi, sai an kula da ƙarancin ruwa a jiki. Resmetirom kuwa, maganin farko da aka amince da shi musamman don wannan cuta a watan Maris na 2024, kuɗinsa a Amurka ya haura dala 40,000 a shekara. Na ambace shi ne kawai don kada a ce ba a faɗa ba.

Wani zai ce, mu da muke da nono da kindirmo, me za mu yi da kafso? Akwai gaskiya a nan. Kindirmo madara ce da bakteriya masu tsamar da nono suka yi wa aiki, dangin waɗanda ake ɗurawa a kafso. Ba wanda zai iya ce maka yana warkar da kitsen hanta, amma abinci ne mai gina jiki, yana riƙe ciki, kuma idan ya maye gurbin lemon kwalba an ci riba ko da ƙwayoyin ba su yi komai ba. Sharaɗi biyu ne: a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyar madara tana ɗauko tarin fuka na shanu da wasu cututtuka, sannan kada a zuba sukari. Kwanon fura da nono da aka dama da curi uku da sukari cokali huɗu ba maganin hanta ba ne, shi ne ma irin abin da ya kawo mu nan. Yogot ɗin roba na shago ma yawancinsa zaƙi ne zalla, a karanta jikinsa. Koko da daddawa kuwa, duk da tsima su ake yi, wuta ta riga ta kashe yawancin abin da ke da rai kafin su iso baki.

Duk wannan gwamawa tana zuwa ne bayan gwaji biyu masu araha, kuma da ni ne mai kuɗin kwalba guda a hannu, nan zan fara kai su. Na farko gwajin ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba. Mutum ya ga ALT ya hau, ya ɗora laifi kan kitse, ya yi shekara yana shan kafso alhali ƙwayar cuta ce ke cin hantar, an bar jaki ana dukan taiki. A haɗa da na nau'in C, a kuma gaya wa likita gaskiya game da duk wani jiƙo, tsimi ko maganin gargajiya da ake sha, domin wasunsu su kansu suna tayar da ALT. Na biyu lissafin FIB-4. Ba na'ura ba ce. Shekarunka, AST, ALT da adadin ƙwayoyin daskarar da jini ake haɗawa, kuma kowane likita zai iya yi a wayarsa cikin minti ɗaya. Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka tana ba da shawarar a yi wa masu nau'i na 2 wannan lissafi ko da ALT ɗinsu lafiya lau yake, domin ana iya samun tabo mai yawa da ALT na daidai. Ƙasa da 1.3, haɗarin tabo mai zurfi kaɗan ne. Sama da 2.67, maganar ta wuce kemis, ta zama ta likitan hanta a asibitin koyarwa. Tsakanin biyun ana son a auna taurin hanta da na'urar FibroScan. Ga wanda ya haura shekara 65, iyakar ƙasan takan koma 2.0.

Daga wannan lamba zaɓin yake fitowa. Wanda ya faɗo ƙasa, aikinsa abin sha, kwano da tafiya, a sake lissafi bayan shekara ɗaya ko biyu. Wanda ke tsakiya ko sama, ya tambayi likitansa kai tsaye ko pioglitazone ya dace da zuciyarsa da ƙashinsa, ko semaglutide idan aljihu zai ɗauka na dogon lokaci, ba na wata biyu ba. Kuma kowa a cikinsu kada ya ajiye maganin hawan jini ko na kitsen jini don tsoron hanta. Abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ciwon zuciya ne, ba hantar ba, kuma magungunan statin masu rage kitsen jini ba su da matsala ga mafi yawan masu wannan cuta.

Wanda ya yi duk wannan, kuɗi suka saura, kuma ransa na son gwada furobayotik, ba zan hana shi ba. Ya sayi wanda aka rubuta cikakken sunan ƙwayar da adadinta har zuwa ranar lalacewa, daga famasi mai firiji da janareto. Ya auna ALT, AST da nauyinsa kafin ya fara, ya sake bayan wata uku. Idan lambobin sun sauka kuma a watannin nan ya zubar da kilo huɗu, ya san ba kafson kaɗai ya yi aikin ba. Idan ba su motsa ba, kada ya sayi kwalba ta biyu.